Gadin Injuna Ranar Juma'a

Laraba, 18 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau aka shafa mana toka a goshi. Daga coci na zarce fadama ban wanke ba. Ɗanmusa, wanda gonarsa ke manne da tawa, yana hango ni ya jingina da fartanya.

"Bunya, cikin murhu kak kwana?"

Na ce azumi muka shiga. Ya ce su ma yau suka ɗauka, amma namu azumin 'yan gata ne tunda muna shan ruwa. Na ce namu kwana arba'in ne, naku talatin. Ya ce, "Ba ni ruwan, in ƙara goman."

A coci Katikis, malaminmu, ya ce kowa ya zaɓi ƙaramin abu guda ya miƙa wa Ubangiji, ba sai babba ba. Wasu suka ce sun bar sukari, wasu goro. Ni shayina dama babu sukari. Da aka zo kaina na miƙe na ce, kwana arba'in ɗin nan duk wanda ya roƙe ni taimako ba zan ce masa a'a ba, in dai ƙarfina ya kai. A gaban kowa na faɗa. Arzika ya buga gangarsa sau ɗaya ya ce, "To tuɓe rigar ka ba ni!" Aka yi dariya har da Katikis.

Arzika ke nan. Mota ɗaya ta kawo mu Bagudo daga Zuru shekara shida da suka wuce, tukunya ɗaya muka ci har ya auri Rifkatu. Ni na tsaya masa ranar auren.

Zan riƙa rubutawa a nan don in ga ko na cika alkawari. Aji huɗu na tsaya, rubutun ba kyau, amma ni kaɗai zan karanta.

Juma'a, 20 ga Fabrairu, ƙarfe biyu, a rumfa

Kowa ya tafi masallaci, ni kaɗai ne da injunan ban ruwa bakwai a bakin gulbi.

Haka muke yi tun shekarar da Baba Namadi ya ara mini gefen fadamarsa. Ba wanda ya rubuta. Ranar Juma'a su shida su tafi salla in zauna musu, ranar Lahadi in tafi coci su duba mini nawa. Inji ba a barinsa shi kaɗai a nan. Ruwa na kusa, ƙasar Benin na kusa, abin da ya ƙetare kuwa ya tafi ke nan.

Kowane inji da muryarsa. Na Yero tari yake kamar tsoho. Nawa ya fi kowa surutu, ya fi kowa lalaci. Na Ɗanmusa sabo ne, ja, sai da ya sayar da bijiminsa ya saye shi, yana tafiya sumul kamar mage na barci. In na zauna sai in bi su ɗaya ɗaya da kunne, in yi wa mai kowane addu'a. Ba su san ina yi ba.

Litinin, 23 ga Fabrairu, da yamma

Na ɗaukar wa wata tsohuwa itace daga hanyar Zagga har gidanta. Na taya Yero dashe. Arzika ya ari mashin ɗina, ya dawo da shi tanki a bushe.

Asabar, 28 ga Fabrairu, da safe

Mutanen coci sun gano ni. Mai gyaran darni, mai kai niƙa, mai son a hau masa rufi. Ashe a'a ma hutu ce. Bayana na ciwo amma raina fari.

Juma'a, 6 ga Maris, ƙarfe uku

Injin Ɗanmusa ya ɓata. A hannuna.

Juma'a dai, gab da magariba

Bari in rubuta yadda ya faru tun kaina bai juya shi ba.

Wajen ɗaya da rabi, ina jin huɗuba sama sama daga gari, Arzika ya iso a guje, a ƙafa. Ya ce Rifkatu ta faɗi, jini take zubarwa, mashin ɗinsa ya mutu. Cikinta wata bakwai. Ya ce in ɗauki nawa in kai ta asibiti, shi hannunsa rawa yake ba zai iya tuƙi ba.

Na dubi injuna. Ya ce, "Ni zan zauna. Kai da ka ce ba ka cewa a'a?"

Na tafi.

Na tarar da Rifkatu a gindin darbejiya tana tsince wake a faranti.

"Lafiya, Yaya Bunya? Ka shigo kamar an koro ka."

"An ce kin faɗi."

"Ni? Da safe dai jiri ya ɗan ɗebe ni, na sha ruwa ya wuce. Wa ya ce?"

Na juya. Tun ban ga gulbi ba kunnena ya gaya mini. Tarin na Yero yana nan, surutun nawa yana nan. Murya guda babu.

Rumfa ba kowa. An yanke tiyo da wuƙa, yanka guda mai kyau, ba na mai gaggawa ba. An ja abu mai nauyi har bakin ruwa, ga shatin hancin kwalekwale a laka.

Suka dawo suna raha. Ɗanmusa ya tsaya da darduma a kafaɗa yana kallon inda injin yake, ya daɗe. Sannan ya dube ni.

"Ina kat tahi?"

"Na shiga gari."

"Wa kab bari?"

A raina na ce ƙila Arzika ɓarayin ya bi, ƙila sun ji masa rauni, bari in ji daga bakinsa tukuna. Da wannan na yi shirun farko. Ina so in tuna cewa da kyakkyawar zuciya na yi shi.

Asabar, 7 ga Maris, da hantsi

Na sami Arzika a ƙofar gida yana goge baki da asuwaki. Lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu.

Ya ce ya zauna kaɗan, sai hankalinsa ya tashi ya biyo bayana. Na ce ban gan ka a hanya ba. Ya ce ta gonakin albasa ya yanke. Na ce Rifkatu ba ta faɗi ba. Ya ce wata mata ce ta gaya masa. Na ce wace mata. Ya tofar da asuwaki.

Ya ja ni bayan ɗaki ya rage murya. "Bunya, kada sunana ya fito. Ka san yadda abin yake. In suka ji Kirista biyu da inji guda, ba za su tsaya tambaya ba, cocin ma ba zai kwana ba. Mu nawa ne a garin nan? Ka dubi cikin Rifkatu. Roƙonka nake."

Roƙonka nake.

Takalminsa na roba yana jingine da bango, an wanke shi tas har ƙasan. Arzika da ba ya wanke takalmi sai Kirsimeti.

Lahadi, 8 ga Maris, bayan coci

Na kashe injina na goyo shi a mashin na kawo gida kafin in tafi coci. Ban iya tambayar kowa ya duba mini ba.

Bayan an tashi na gaya wa Katikis komai, ban rage ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ka gani da idonka, Bunyaminu?"

"A'a, Baba."

"To abin da ido bai gani ba, baki ya riƙe. Mu baƙi ne a nan, ƙaramin abu sai ya zama babba. Ka ɗauki wannan a matsayin naka gicciyen. Zan yi magana da shi."

Arzika kuma yau ya buga ganga kamar kullum. Har ya fi kullum.

Litinin, 9 ga Maris, bayan azahar

Baba Namadi ya kira ni zaurensa. Yana kan buzu, baki a bushe saboda azumi, carbi a hannu. Na durƙusa.

"Ɗana, ban ce kai kaɗ ɗauka ba. Na san hannunka. Sunan wanda kab bari nika so."

Na ce, "Baba, laifina ne, ni na tashi."

"Ban tambaye ka mai laihi ba. Suna."

Na kalli tabarma.

Ya ce ƙofarsa a buɗe take kowace rana, amma kowace rana injin yana ƙara nisa. Bayan Salla da mako za a zauna a yanke magana. In har na riƙe bakina, in yanke shinkafata in ba shi wurinsa, don ba zai ajiye mutumin da ke rufa wa ɓarawo asiri a tsakiyar mutanensa ba.

Fadamar nan ita ce duk abin da nake da shi. Ita nake ci, ita nake aika wa Mama a Zuru. Ni na cire ƙaya da kututture a wurin, da hannuna, damina biyu. In ta tafi, ban san me zai riƙe ni a Bagudo ba.

Talata, 10 ga Maris, da safe

Shinkafar Ɗanmusa ta yi ciki. In ta kwana huɗu ba ruwa a irin wannan lokaci, sai dai a ba shanu. Na kinkimi injina na dasa a gefensa na ja igiya. Yana tsaye bai taya ni ba.

"Ba inji nika so gare ka ba."

Na ce na sani.

"Kuma wanga tsohon naka, ruwa shika ja ko surutu?"

Amma bai kashe ba. Mun tsaya a kan kwana biyu wurinsa, kwana ɗaya wurina. Ba mu faɗa da baki ba, haka dai ya zama.

Alhamis, 12 ga Maris, da yamma

Mashin ɗin Arzika da ya mutu ya tashi. Har da sabuwar taya a baya.

Juma'a, 13 ga Maris, ƙarfe biyu

Ba su ce in zauna ba, ba su ce kada in zauna ba. Da lokaci ya yi biyar suka tafi, Yero ya shimfiɗa buhu a rumfa ya zauna. Sun raba a tsakaninsu, kowace Juma'a mutum ɗaya zai rasa salla.

Yero dattijo ne, bai taɓa rasa Juma'a ba tunda na san shi. Yau ya rasa, cikin azumi. Da ya ji an tayar da salla a lasifika sai ya juya mini baya.

Na koma cikin gonata ina cire ciyawar da babu.

Asabar, 14 ga Maris

Na tambayi Katikis ko ya yi maganar. Ya ce yana neman lokacin da ya dace.

Lahadi, 15 ga Maris, da yamma

Na yi wa kowa addu'a yau, ban da mutum ɗaya. Na kawo sunan har bakina ya koma.

Talata, 17 ga Maris, da rana

Ganyen shinkafata na gefen tudu ya fara naɗewa. Kwana ɗaya cikin uku bai ishe ta ba. Na ɗebi ruwa da bokiti na zuba wa inda ya fi muni, kamar mai ba jariri magani da cokali.

Tun ɗazu magana ɗaya ke yawo a kaina. Kai da ka ce ba ka cewa a'a. A coci na faɗa, a gaban bagadi, da toka a goshina. Yana zaune da ganga tsakanin ƙafafunsa yana ji. Ban san ko tun ranar ya fara lissafi ba, ko daga baya abin ya zo masa. Wannan nake so in sani fiye da inda injin yake. Dariyar da ya yi ranar, ta wasa ce ko ta wanda ya tsinci abu?

Laraba, 18 ga Maris, da safe

A bakin famfo na haɗu da Rifkatu. Na karɓi jarkarta na cika na ɗora a mashin. Muna tafiya a hankali saboda nauyinta sai ta ce, "Yaya Bunya, ranar nan wa ya ce maka na faɗi?"

Na ce rana ta yi zafi, mu yi sauri.

Ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ta kalle ni har na rasa inda zan sa ido. Sai ta ce, "Bar shi. Kada ka gaya mini."

Juma'a, 20 ga Maris, ranar Salla, da azahar

Duk shekara Safina matar Ɗanmusa tana aiko mini da tuwon Salla. Bana na ce ba zai zo ba, na dafa taliya.

Sai ga sallama. Ɗanmusa ne da kansa, cikin sabuwar shadda, da kwano a hannu. Ya ajiye a bakin ƙofa.

"Safina tac ce in kawo. Ba ni nac ce ba."

Na ce barka da Salla. Ya ce barka kadai. Ya juya, ya sake juyowa.

"Bunya, shekara shida muna cin tuwo ɗaya. Wane ne wanga da yaf fi ni gare ka?"

Tuwon na nan ban buɗe ba, ƙamshin man shanu ya cika ɗakin.

Lahadi, 22 ga Maris, bayan coci

Arzika ya zo ya zauna kusa da ni a benci, ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce, "Ɗan'uwana na kaina." Wurin da ya dafa har yanzu ina jinsa kamar an ɗora garwashi.

Na ce masa saura kwana shida a zauna, gonata za ta tafi. Ya ce, "Haba, tsohon nan barazana yake. Ka ƙara haƙuri kaɗan, zan gyara komai."

Talata, 24 ga Maris, da hantsi

Arzika ya tafi.

Talata dai, da yamma

Rifkatu ta ce da sassafe ya ɗaure jaka a mashin, ya ce zai ƙetara Benin neman aiki, sati ɗaya. Ya ɗauki takardunsa duka, da bargo, da hoton aurensu ma ya cire daga bango ya mayar. Wanda zai yi sati ɗaya ba ya tsayawa yana shawara da hoto.

Gangar coci ya bari a tsakar gida.

Na ɗebo mata ruwa jarka huɗu, na faskara itace. Ba ta roƙe ni ba. Da zan tafi ta ce, "Ka yafe mana." Na ce ke me kika yi.

Ga abin da ya nufa da zai gyara komai.

Alhamis, 26 ga Maris, da la'asar

Na je wurin Katikis na ce ya raka ni zaman jibi, ya faɗa da bakinsa cewa tun ranar takwas ga wata na kawo masa maganar, shi ya ce in riƙe. Ya ce jibi yana da taro a babban coci, Fada, babban limaminmu, ya kira su. Na ce ko takarda ya rubuta. Ya ce irin wannan magana ba a sa ta a takarda.

"Zan sa ka a addu'a, Bunyaminu."

Na ce na gode, Baba. Na kuma gyara masa ƙofar kaji da ya ce ta karye, don har yanzu kwana arba'in ba su cika ba. Ina buga ƙusa ina jin kamar in buga a yatsana.

Juma'a, 27 ga Maris

Ubangiji, na yi shiru don kada a taɓa gidanka. Yanzu ni kaɗai ne a tsaye a waje. Gobe zan faɗa.

Asabar, 28 ga Maris, bayan la'asar

An zauna. Baba Namadi, Ɗanmusa, Yero da sauran, da wani masunci da na san fuskarsa ban san sunansa ba.

Ban jira an tambaye ni ba. Na ce, "Arzika na bari." Na faɗi komai, faɗuwar ƙarya, wake a faranti, takalmi.

Ba wanda ya yi mamaki. Wannan na fara lura da shi. Ko gira ba wanda ya ɗaga.

Baba Namadi ya nuna masuncin. "Wanga Maliki ne. Shi yaƙ ƙetare da abokinka ran Juma'ar nan, da kaya rufe da tabarma, an ce mishi injin niƙa ne za a kai gyara. Tun washegari, ran Asabar, yaz zo yag gaya min."

Na ce, "Baba, ashe kun sani?"

"Maliki ya ga tabarma, bai ga inji ba. Ba ni kama ɗan mutane da tabarma. Kai kas san wanda kab bari. Da bakinka ya haɗu da na Maliki ran Litinin ɗin nan, da mun kira yaron da malaminku cikin zauren ga, mu rufe ƙofa, ya kai mu inda yak kai shi. Yanzu ka kawo min sunan mutumin da yaƙ ƙetare ran Talata. Wanga ba suna ba ne, labari ne."

Ɗanmusa ya ce, "Ni abu guda nika son ji. Don mi?"

Da na yi ƙarya da ya fi mini. Da na ce tausayin mai ciki ne kawai. Amma na gaji da riƙe baki, sai na faɗi yadda aka gaya mini, cewa in suka ji Kirista biyu da inji guda, cocin ba zai kwana ba.

Yero ya sunkuyar da kai yana murza yatsan ƙafarsa.

Baba Namadi ya ajiye carbi. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Kwanon rufin cocin naku, a amalanken wa anka ɗauko shi?"

"Naka, Baba."

"Ran da ɗiyar malaminku tar rasu, wa yag gina kabari?"

"Su Yero."

"Shekara shida kana zaune muna da dukiyarmu muna salla, muna zaune maka da taka. Ashe duk lokacin ga, kallon masu ƙone ɗakin ibada kaka yi muna."

Na ce ba haka ba ne. Ya ce, "Ɓarawo yag gaya maka haka, ka yarda da shi kwana ashirin da biyu. Ni nag gaya maka ƙofata a buɗe take, ba ka yarda ba ko kwana guda."

Ya ce in shinkafata ta nuna in yanke, ba wanda zai taɓa mini ko zangarniya. Daga nan ya karɓi wurinsa.

Na yi godiya na fito. Takalmina ma sai da na sa shi a juye.

Lahadi, 29 ga Maris, da rana

An raba ganyen dabino, an zaga coci ana waƙa da tafi don babu mai ganga. Katikis ya yi wa'azi a kan yi wa juna hidima. A bakin ƙofa ya riƙe hannuna biyu ya ce Allah ya ga haƙurina.

Duk makonnin nan ina lissafa waɗanda suka ci amanata. Arzika. Katikis. Har Baba Namadi na sa jiya, don ya sani ya bar ni ina juyi. Yau ina zaune a benci na ƙara lissafi sai na ga akwai suna guda da ban sa ba, kuma Ɗanmusa shi zai fara sawa in shi ke rubutun.

Talata, 31 ga Maris

Shinkafar Ɗanmusa ta tsira, ta sunkuyar da kai. Tawa rabi. Gefen tudu ya tafi.

Laraba, 1 ga Afrilu, da yamma

Na yi wa Arzika addu'a. Sunan kawai na faɗa, ban ƙara komai ba. Ubangiji ya san sauran, ni ban sani ba.

Juma'a, 3 ga Afrilu, ƙarfe biyu saura, a rumfa

Yau ce ranar da aka gicciye Yesu. Sai ƙarfe uku za mu taru a coci, don haka na zo fadama. Kwana goma ko sha biyu suka rage mini a nan. Mama ban gaya mata ba tukuna.

Yau layin Ɗanmusa ne na rasa salla. Sauran suka wuce, shi ya zauna a rumfa, ni ina bakin gonata. Aka fara kiran salla. Ina ganinsa yana duban gari, yana duban injuna, yana kaɗa ƙafa.

Can ya ce, "Kai, Bunya."

Na zo na tsaya daga waje.

"In wani yaz zo yanzu yac ce matarshi na mutuwa, mi za ka yi?"

"Zan ba shi makullin mashin."

"In yac ce hannunshi na rawa?"

Saura kwana biyu alkawarina ya cika, don ba ma sa ranakun Lahadi cikin lissafin arba'in ɗin. Na tuna da haka sarai kafin in buɗe baki.

Na ce, "Zan ce a'a."

"Faɗi in ji da kyau."

"A'a."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ɗauki darduma. "Wanga ba ya maido maka da gona, ka sani."

Na ce na sani.

"Na Yero na son mai in an jima. Jarka na bayan rumfa."

Ya tafi da sauri har yana haɗawa da gudu, don an kusa tayarwa.

Injuna shida. Na fara bin su da kunne, daga na Yero.